Ranakun Hutu da Asalinsu

Kwanan baya na fita rangadin azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙasar Bagudo, na sauka Bahindi. Da aka tashi daga karatu sai wani dattijo cikin ɗalibai ya matso, muka gaisa, ya ce, "Malam, ƙara na kawo."

Na ce, "Baba, ƙarar wa?"

Ya ce, "Ƙarar kalanda." Mutane suka fashe da dariya.

Ya ce, "Ku yi dariyarku, ni na san abin da ya same ni. Da farkon damina na bar gonata tana bukatar noma, na biya kuɗin babur zuwa Bagudo, don in karɓo wa ɗana wata takarda da makaranta ta ce a kawo. Na iske ƙofar ofis a kulle. Maigadi ya ce mini yau hutu ne. Na ce hutun me, ga shi ba Salla ba, ba Lahadi ba? Ya ce shi dai haka aka gaya masa. Na juyo gida, kuɗi sun tafi, yini ya tafi, ciyawa kuwa ba ta yi hutu ba."

Na tambaye shi ko wace rana ce. Muka lissafa tare, ashe ran 12 ga watan Yuni ce. Na yi masa alkawari zan rubuta darasi a kan wannan. To, ga shi. Ku karanta a hankali, in kun gamu da kalma mai wuya ku tsaya ku tambayi malaminku. Matambayi ba ya ɓata.

Kalanda Biyu

Da farko ku sani muna aiki da lissafi iri biyu. Akwai na wata, akwai na rana.

Lissafin wata shi ne na Hijira. A zamanin Sayyadina Umar aka tsara shi, aka fara ƙirga daga shekarar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira daga Makka zuwa Madina, watau shekarar 622 ta lissafin Turawa. Shekarar wata kwana 354 ce, wani lokaci 355. Shekarar rana kuwa kwana 365 ce. Kun ga akwai ratar kwana 11 ke nan. Shi ya sa Salla ta ke matsowa kowace shekara. Azumin da ka yi cikin bazara kana saurayi, sai ka yi shi cikin hunturu bayan wasu shekaru. Kafin ya zagayo inda ya faro, sai an yi wajen shekara 33.

Lissafin rana shi gwamnati ta ke aiki da shi. Asalinsa daga Rumawa ne. A dā can Rumawa da watan Maris su ke fara shekara. Saboda haka a bakinsu ma'anar Satumba ita ce na bakwai, Oktoba na takwas, Nuwamba na tara, Disamba na goma. Daga baya farkon shekara ya koma Janairu, amma sunayen suka zauna yadda su ke. Watau watan da mu ke kira na goma, sunansa na takwas ne. Yuli da Agusta kuwa sunayen manyan masu mulkin Rum ne guda biyu.

Ranakun Salla sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa daga Sakkwato. Amma ranakun da za mu duba yanzu ba su motsi. Wanda ya iya karanta kalanda ya san su tun shekara ba ta kama ba.

1 ga Oktoba

Wannan ita ce ranar da Nijeriya ta sami mulkin kai, cikin shekarar 1960. Kowa ya san wannan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, sai da aka yi shekara bakwai ana jayayya a kan lokacin.

Cikin watan Maris 1953, a majalisar Ikko, wani wakili mai suna Anthony Enahoro ya kawo shawara a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya tashi ya ce kada a yanke shekara, a ce dai da zarar an shirya. Dalilinsa shi ne, a lokacin Arewa ba ta da isassun masu ilmin boko da za su riƙe ofisoshi. Aka yi zafi ƙwarai. Mutanen Ikko suka yi wa wakilan Arewa ihu. Cikin watan Mayu na wannan shekara aka yi rikici a Kano, har aka rasa rayuka.

Ku lura da wannan da kyau, ku da ke zaune a aji. Rashin karatu ya taɓa sa manyanmu suka ce a dakata da 'yanci. Alli da allon da ke hannunku ba abin wasa ba ne.

Jihar Yamma da Jihar Gabas suka sami mulkin kansu na cikin gida a 1957. Arewa ta karɓi nata ran 15 ga Maris 1959. Wannan rana kuwa tana da labari. Ran 15 ga Maris 1903 ne sojan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli na shekarar. Shekara 56 daidai, rana ta zagayo, mulkin da aka ƙwace a ranar aka mayar a ranar.

Sa'an nan ran 1 ga Oktoba 1960, da tsakar dare, a filin sukuwa na Ikko, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya Elizabeth. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne Firayim Minista, kuma daga baya aka sa wa filin sunansa. Duk da haka Sarauniya ta ci gaba da zama shugabar ƙasa a takarda har shekara uku. Sai ran 1 ga Oktoba 1963 Nijeriya ta zama jamhuriya, Nnamdi Azikiwe ya zama Shugaban Ƙasa.

Tuta da Take

Tutar da ku ke gani a ƙofar makaranta, kore da fari da kore, wani ɗalibi ne ya zana ta. Sunansa Taiwo Akinkunmi, ya tashi a Ibadan. Yana karatu a London sai ya ga sanarwa a jarida, ana neman wanda zai zana tutar sabuwar ƙasa. Ya zana ya aika. A 1959 aka zaɓi tasa, aka ba shi ladan fam 100. Cikin zanensa akwai jar rana a tsakiyar farin, amma alƙalan gasar suka cire ta. Ya rasu a 2023.

Farin yana nufin zaman lafiya. Koren yana nufin albarkar ƙasa, watau noma. Saboda haka manomin shinkafa a fadamar Kwara, da mai gero a jigawa, kashi biyu cikin uku na tutar nan nasu ne.

Taken ƙasa kuwa sau biyu ana sake shi. Na farko, wanda aka fara rerawa a 1960, wata Baturiya ce mazauniyar Nijeriya, Lillian Jean Williams, ta rubuta kalmominsa. A 1978 gwamnatin soja ta ajiye shi, ta kawo wanda 'yan ƙasa suka rubuta. A ƙarshen watan Mayu 2024 aka komo da na farkon. Ga shi yanzu jika da kaka take ɗaya suka koya, uba ne ya koyi dabam.

Sunan ƙasar ma daga kogin nan namu ya fito. Kwara ita Turawa ke kira Neja. A 1897 wata 'yar jarida ta Ingila, Flora Shaw, ta ba da shawara a kira ƙasar Nijeriya saboda kogin. Daga baya ta auri Gwamna Lugga, wanda ya haɗa Arewa da Kudu ran 1 ga Janairu 1914.

Maƙwabtanmu

Mu nan bakin iyaka muna da wani abin lura. Mutumin Tsamiya ko na Lolo yana da dangi a ƙasar Benin, ana cin kasuwa tare, ana auratayya. Amma ranar 'yancinsu dabam da tamu. Me ya kawo haka?

Ran 14 ga Yuni 1898 wakilan Ingila da na Faransa suka sa hannu a wata takarda a birnin Paris. Suka ja layi ya ratsa ƙasar Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa ta faɗa hannun Ingila. Suka ce layin zai taɓa Kwara mil 10 sama da mashigin Illo. Ba a tambayi Bargawa ba, ba a tambayi Dandawa ba, ba a tambayi Fulanin da ke kiwo a wurin ba. Wannan layi shi ne asalin iyakar da ku ke ƙetarawa.

To, da lokacin 'yanci ya zo, kowa ya karɓa daga hannun wanda ya mallake shi. Benin, wadda a lokacin a ke kira Dahomey, ta karɓa daga Faransa ran 1 ga Agusta 1960, watau ta riga mu da wata biyu. A 1975 ta sake suna. Nijar ta karɓa ran 3 ga Agusta 1960, kuma a 1975 aka mai da wannan rana ranar dashen itatuwa, saboda farin da aka sha a shekarun da suka gabata. Mai fatauci ya riƙe ranakun nan, don kada ya je ya iske ofis a rufe a can ma.

15 ga Janairu

Wannan ranar tunawa da mazan jiya ce, watau sojojin da suka mutu a bakin aiki. Ba a rufe ofis, amma a kan yi fareti, a ajiye furanni, a saki fararen tantabaru.

A dā ran 11 ga Nuwamba a ke yin ta, kamar yadda a ke yi a Ingila. A ranar ce aka tsai da Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, da ƙarfe 11 na safe. Sojanmu sun yi wannan yaƙi a Kamaru da Afirka ta Gabas. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma an kai su har Bama.

Daga baya muka yi namu yaƙin na cikin gida. An fara cikin watan Yuli 1967, aka gama ran 15 ga Janairu 1970, sa'ad da shugabannin Biyafara suka miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a Ikko. Shi ya sa aka mai da ranar tunawa nan. Ga kuma wani abin mamaki. Ran 15 ga Janairu 1966 ne wasu hafsoshi suka yi juyin mulki na farko, inda aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kama Tafawa Ɓalewa a Ikko aka kashe shi. Ranar da fitina ta kunno kai, ita ce ranar da aka kashe wutarta bayan shekara huɗu. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

1 ga Mayu

Ranar ma'aikata daga Amurka ta samo asali. A 1886 ma'aikatan masana'antu a birnin Chicago suka yi yajin aiki, suka ce awa takwas ta isa aikin yini, don a lokacin ana sa su awa goma ko fiye. Bayan kwana uku aka jefa bam a wani taro nasu, 'yan sanda da ma'aikata suka mutu. Aka kama shugabanninsu, aka rataye huɗu a 1887. A 1889 ƙungiyoyin ma'aikata na ƙasashe suka taru a Paris, suka tsai da 1 ga Mayu ta zama ranarsu. Ita Amurka da abin ya faru a cikinta, cikin Satumba ta ke yin nata hutun ma'aikatan.

A Nijeriya gwamnatin Jihar Kano ce, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta ba da hutun nan a 1980. Gwamnatin Tarayya, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ta bi sahu a 1981.

27 ga Mayu

Ranar yara ke nan, sa'ad da 'yan makaranta ke maci. Zamanin Turawa ma yara suna maci cikin watan Mayu, amma ran 24 ga wata. Ranar haihuwar Sarauniya Victoria ce, ana kiranta ranar daular Ingila. Yara su yi layi su gai da tutar Ingila, a yi tsere da wasanni. Da aka sami 'yanci wannan ta faɗi. Tun 1964 a ke yin ranar yara ran 27 ga Mayu. Macin yana nan, tutar da a ke gaisarwa ce ta sake.

A irin wannan rana ce kuma, a 1967, Gowon ya raba Nijeriya jiha 12, ƙasarmu ta shiga Jihar Arewa maso Yamma. A 1976 muka koma Jihar Sakkwato. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Kebbi, hedkwatarta Birnin Kebbi. Mutumin Bahindi da aka haifa kafin 1967 ya zauna jiha huɗu, bai ko tashi daga gidan ubansa ba.

12 ga Yuni

Yanzu mun zo ga ranar da ta ci wa Baba kuɗin babur. Sunanta ranar dimokuraɗiyya, watau mulkin da jama'a ke zaɓen shugabanninsu da kansu.

Ran 12 ga Yuni 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Mashood Abiola, mutumin Abeokuta, da Bashir Tofa, mutumin Kano. Mutane suka fito lafiya suka zaɓa. Abiola ya yi gaba, har a Jihar Kano ya fi Tofa ƙuri'a. Kafin a gama faɗin sakamako sai gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen. Ƙasa ta rikice. A 1994 aka tsare Abiola, ya rasu a tsare ran 7 ga Yuli 1998.

Soja suka mayar da mulki ga farar hula ran 29 ga Mayu 1999, sa'ad da Janar Abdussalami Abubakar ya miƙa wa Olusegun Obasanjo. Shekaru da yawa wannan ce ranar dimokuraɗiyya. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mai da ita 12 ga Yuni, don a tuna da ranar da talakawa suka yi zaɓe aka hana su abin da suka zaɓa. Saboda haka, Baba, ranar da ka iske ƙofa a kulle, ƙuri'ar irinka a ke tunawa.

Sun Argungu

Bari mu rufe da namu na gida. Kowa ya ji labarin bikin kamun kifi na Argungu, inda masunta ke faɗawa Matan Fada da homa da gora. Su kam Kabawa sun daɗe suna yinsa tun kaka da kakanni. Amma bikin da duniya ta sani, sulhu ne ya haife shi.

Tun zamanin jihadi akwai gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato da Gwandu. An yi kusan shekara ɗari ana kai wa juna hari. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tashi da kansa ya kai ziyara Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarye shi, ya sa aka yi gagarumin su don girmama baƙo. Daga nan bikin ya kafu. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun da ya kamata duniya ta adana. Kun ga abin da ziyara ɗaya ta haifar.

Abin da Za Mu Riƙe

Jama'a, kun ga kowace rana da dalilinta. Mutane ne suka zauna suka zaɓe ta, wani lokaci ma suka sake ta. An sake ranar mazan jiya, an sake ranar yara, an sake ranar dimokuraɗiyya. In aka sake wata gobe, a takarda za a rubuta. Mai karatu ya gani ya shirya, marar karatu ya biya kuɗin babur. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ku lura kuma, in ranar hutu ta faɗa Asabar ko Lahadi, sau da yawa gwamnati ta kan ba da Litinin a madadinta. Saboda haka kafin ka yi tafiya ofis, dubi kalanda, ka kuma saurari rediyo.

Kowane ɗalibi ya nemi kalanda ya rataya a ɗakinsa. Ka karanta wa maiɗakinka da 'ya'yanka abin da ka koya yau. Wanda ba ya zuwa aji, ka jawo shi.

Tambayoyi

1. Kwana nawa ne tsakanin shekarar wata da shekarar rana?
2. Don me Sardauna ya ce kada a yanke shekarar 1956?
3. Me ya faru ran 15 ga Maris 1903, me kuma ya faru ran 15 ga Maris 1959?
4. Mene ne ma'anar kore da fari a tutarmu?
5. A wace shekara aka ja iyakar da ke tsakaninmu da Benin? Su wa suka ja ta?
6. Don me ofis ya ke a kulle ran 12 ga Yuni?
7. Wane Sarkin Musulmi ne ya kai ziyara Argungu a 1934?

Aikin Rubutu

Rubuta sunayen watanni 12 na kalanda a allonka, daga Janairu zuwa Disamba. A gaban kowane wata rubuta ranar da ka koya cikin darasin nan, in akwai.

Aikin Lissafi

Daga 1960 zuwa 1991 shekara nawa ne? Daga 1934 zuwa 2016 fa? In ka san shekarar da aka haife ka, lissafa jiha nawa ka zauna a cikinta. Ka kawo amsarka ranar karatu mai zuwa.